Sanyin Hunturu Da Lambun Bayan Gida

Kafin a buɗe akwati a fara zubi, ina roƙon ku minti goma. Makon jiya mutum uku suka nemi rance don su yi lambu a bayan gida, kuma su ukun duka tambayarsu ɗaya: "Malama, a wannan ɗarin da ke tahowa tumatir zai yi kuwa? Ba gara mu bari sanyi ya wuce ba?" To, amsar ita ce kada ku jira. A ƙasar Katsina sanyi shi ne lokacin tumatir. Wadda ta bari ya wuce, kuɗinta ne za su wuce tare da shi.

Ni kaina na taɓa wannan kuskuren. Shekarar da na gama difloma na dawo gida, na ce bari in gwada. Sai ƙarshen Fabrairu na zuba iri, wai don kada sanyi ya kashe shi. Ya tashi kore shar, kowa ya gani sai ya yaba. Da Afrilu ta shigo ya yi fure, amma kullum da safe sai in tarar furen a ƙasa. Wata biyu ina sayen ruwa wajen mai garuwa, abin da na tsinka bai cika kwano ba. Kuɗin kuwa na asusuna ne.

Ga dalili. Tumatir ya fi ƙulla 'ya'ya idan dare ya yi sanyi-sanyi, wajen digiri 15 zuwa 20, rana kuma ba ta haura 30 sosai ba. A nan garin, cikin Disamba da Janairu, dare kan sauka zuwa digiri 13 ko 14, rana ta tsaya wajen 30. Kun ga kusan abin da yake so ke nan. Amma a bazara, Afrilu da Mayu, zafi kan kai 40. Da zarar ya wuce 35, garin da ke cikin fure sai ya lalace, furen ya bushe ya kaɗe. Shi ya sa manoman rani na Danja da na bakin madatsun Jibiya, Zoɓe da Ajiwa suke zuba iri tun damina na ɗaukewa, don fure ya faɗo cikin sanyi. Mu ma da muke cikin GRA, yanayinmu ɗaya da su.

Sanyi kuma yana rage mana ƙwari. Da yawanku kun tuna 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano, Katsina, Jigawa da Kaduna, har miya ta gagari mutane. Wannan tsutsa a cikin zafi ta fi saurin hayayyafa. Wadda ta dasa da wuri, kafin tsutsar ta yi ƙarfi ta kwashe mafi yawan amfaninta.

Amma fa sanyi ma yana da nasa halin, sai an san shi.

Na farko, komai yana tafiya a hankali. Irin da kan tsiro cikin kwana biyar ko shida zai iya kai kwana goma, nuna ma sai ta yi jinkiri. Kada ki ga haka ki zuba taki da yawa don ki hanzarta shi, ƙone saiwa za ki yi. Rufe wurin reno da busasshiyar ciyawa, idan ya tsiro ki ɗage. Bayan mako uku zuwa huɗu sai dashe, kuma da yamma ake yi.

Na biyu, iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, a bushe, da ƙura. Ita ce ke nannaɗe ganye ta kaɗe fure. Kafa zana ko karan dawa ta wannan ɓangaren. Idan a buhu ko tsohon bokiti kika dasa, jera su a jikin katangar da ke tare iska. Sai dai ki kula da inuwa. Unguwar nan tamu Allah ya hore mata darbejiya da mangwaro, tumatir kuwa yana buƙatar rana aƙalla awa shida. A gindin darbejiya zai yi tsawo kawai, ba 'ya'ya.

Na uku, ban ruwa. Don jikinki yana jin sanyi, ba shi ne ƙasa ba ta bushewa ba. Sa yatsa a ƙasa, in ya fito a bushe ki ba shi ruwa, da safe, a gindi. Idan yau ki cika shi gobe ki manta da shi, 'ya'yan za su tsattsage ko gindinsu ya yi baƙi. Shimfiɗa ciyawa ko ɓuntun shinkafa a gindi yana riƙe danshi, ya rage miki kuɗin garuwa. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa kada ya kusanci shuka. Sau ɗaya a mako ki ɗauraye ƙurar ganye da safe, ki duba bayan ganyen ko akwai farin ƙuda ko ƙananan jajayen ƙwari. In kin gani, jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya su kwana, ki tace ki fesa da yamma. Da hantsi kuma ki ɗan girgiza reshen da ke da fure, yana taimaka masa ya ƙulla.

Yanzu itatuwa, don ba halinsu ɗaya ba.

Mangwaro yana son wannan lokacin. Sanyi da bushewa ne ke sa shi fure tsakanin Disamba da Fabrairu, mu sha a bazara. Babban mangwaro ki rage masa ruwa yanzu, kada ki sa masa taki, kada ki sare reshe. In kika cika shi da ruwa, sabon ganye zai ba ki maimakon fure. Sai 'ya'ya sun ƙulla sun kai kamar gujjiya sannan ki koma ba shi. Kuma a daina ƙona shara a gindinsa, wuta tana ƙona furen ƙasa-ƙasa.

Gwanda da ayaba kuwa 'yan ɗumi ne. A sanyi girmansu yana tsayawa, ganyen ayaba iska ta yayyaga shi. Ba ciwo ba ne, kada ki sare. Tare musu iska, ki rufe gindi da ciyawa. Gwanda ba ta son ruwa ya kwanta mata, saiwarta ruɓewa take. Lemun tsami da gwaiba su kuma kada a bar su da ƙishi, don suna zubar da ganye. Sabon dashen itace kuwa, in ba kina da ruwa tsayayye a gida ba, ki bari sai damina.

To, mu dawo kan akwati. Rancenmu na wata uku ne. Tumatir daga zuba iri zuwa tsinkar farko shi ma kusan wata uku ne, a sanyi har ya ɗan haura. Ke nan wadda ta karɓi rance ranar zuba iri, ranar biya za ta zo tumatir yana kore. Shawarata, ki sayi iri da kuɗin hannunki, UTC ko Roma, ba su da tsada. In rance ya zama dole, ki karɓa lokacin dashe, kaɗan, na taki da zana. Kuma ki san daga wace sana'ar za ki biya in nuna ta yi jinkiri. Kuɗin nan gumin 'yan'uwanki ne.

Abu na ƙarshe. Lokacin da naki zai nuna, Janairu zuwa Maris, na kowa ma ya nuna, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Don haka ribarki ta farko ita ce kuɗin cefanen da ba ki kashe ba. Rarar kuma ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta, a sama ba a ƙasa ba, ki rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Iskar nan da muke kuka da ita, ita ce za ta busar miki da kauɗa cikin 'yan kwanaki. Ki adana a wuri busasshe har Mayu da Yuni, lokacin da ɗanye ke tsada. Ai don gobe ake wanke tukunya.

Aikinmu kafin zama mai zuwa: kowacce ta duba gidanta ta gano inda rana ta fi daɗewa, da inda iska ke shigowa. Masu son yin lambu su ba sakatariya sunansu, mu haɗa kuɗi mu sayi iri tare, mu yi reno wuri guda. Muna farkon Nuwamba, kada Disamba ta same mu ba mu dasa ba.

Hajiya shugaba, bismillah, a buɗe akwati.