Ciniki Ba Shinge: Ribarsa Da Hasararsa

Jawabi ga manoma da 'yan kasuwa na garin Ashige, ƙasar Lafiya, Jihar Nasarawa



Maƙasudin taronmu na yau shi ne mu bayyana muku yarjejeniyar da ƙasarmu ta ƙulla da maƙwabtanta a kan ciniki, domin kowa ya san inda take shafar gonarsa da aljihunsa.

A ran 28 ga Mayu, 1975, ƙasashe 15 na Afirka ta Yamma suka taru a Legas suka kafa ƙungiyar ECOWAS. A 1979 suka amince da cewa amfanin gona da kayan sana'ar hannu su riƙa wucewa tsakaninsu ba kuɗin fito, a 1990 aka haɗa da kayan masana'antu. Daga baya aka ƙulla wata babbar yarjejeniya ta Afirka baki ɗaya a Kigali a 2018, Nijeriya kuwa ta sa hannu a Yamai ran 7 ga Yuli, 2019. Nufinta shi ne a ɗage kuɗin fito sannu a hankali a kan kashi 90 cikin 100 na ire-iren kaya.

To, mene ne ribarmu? Ƙasarmu ita ce kan gaba a duniya wajen noman doya, wannan yanki kuwa an san shi da doya da riɗi da agushi da shinkafa. Idan aka cire kuɗin fito, kayanmu za su isa kasuwannin nesa da araha. Masu saye in sun yawaita, manomi ba ya sayarwa a wulaƙance lokacin kaka.

Amma fa ƙofar da ka fita da kayanka, ta nan na wani zai shigo. Kun tuna yadda aka riƙa sauke shinkafar Asiya a tashar Kwatano, 'yan fasa-ƙwauri suna tsallako da ita, har ta danne tamu. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Yarjejeniya ba ta halatta wannan ba. Rangwamen na kayan da aka noma ko aka ƙera a ƙasashen da suka sa hannu ne kaɗai. Haka kuma alkawarin ƙasashe yakan warware: a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS.

Akwai kuma batun inganci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Mai saye a Akara ma yana da ido. Riɗin da aka cuɗa da yashi ba zai sami mai nemansa karo na biyu ba.

Saboda haka, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sheƙe riɗi ku shanya shi a kan tamfol. Ku bi umarnin malamin gona wajen zuba magani a rumbu. Ku kafa ƙungiyoyin gama kai, gama manomi ɗaya ba ya cika tirela, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba. Wassalamu alaikum.