Tun Ran Gini Ran Zane: Jawabi Kan Ingancin Ayyukan Kwamfuta

Jama'a, duk aikin kwamfuta da hukuma za ta yi, da dukiyar talakawa ake yin sa. Saboda haka wajibi ne a tsara ingancinsa tun kafin a ba da kwangila.

A shekarar 2002 gwamnatin Birtaniya ta ƙaddamar da wani gagarumin shiri na haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocin Ingila cikin kwamfuta. Aka yi gaggawar ba da kwangila, ba a kuwa shawarci likitoci da ma'aikatan jinya yadda ya kamata ba. A 2011 aka ba da sanarwar rushe shirin, bayan an kashe fam miliyan dubbai.

Abin lura a nan uku ne. Na farko, a tambayi waɗanda za su yi amfani da na'urar, a rubuta bukatunsu dalla-dalla. Na biyu, a fayyace ma'aunin inganci cikin yarjejeniya, kada a biya ɗan kwangila sai aikin ya cika shi. Na uku, a jarraba a ofis guda kafin a baza ko'ina.

A Nijeriya, hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001, ita ke tantance irin waɗannan ayyuka na ma'aikatun Tarayya kafin a soma su. Haƙƙin kowane ma'aikaci ne ya ba ta haɗin kai.