Amsar Wasiƙa: Mutanen Filifin da Yawan Biki

 Wasiƙar yau ta fito ne daga wani dattijo manomi, wanda ɗansa ke aiki a Jidda tare da mutanen ƙasar Filifin. Ya ce yaron ya shaida masa ba a ƙarshen makon da zai wuce ba su yi taro ba, yau walimar zagayowar ranar haihuwa, gobe rakiyar mai komawa gida. Ga shi yanzu ɗaya daga cikinsu zai tafi ya yi aure, har an nemi gudummawar yaron. Baba yana tambaya: shin waɗannan mutane ba almubazzarai ba ne, kada su koya wa ɗansa ɓarna?

To Baba, Allah ya ƙara girma, ga amsa.

Ita dai Filifin ƙasa ce ta tsibirai fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, babban birninta Manila. Turawan Sifen sun mulke ta sama da shekara 300, daga 1565 zuwa 1898, shi ya sa akasarin mutanenta Kiristoci ne 'yan Katolika. Musulminsu sun fi yawa a kudu, wajen Mindanao da Sulu. Miliyoyinsu suna ci-rani a ƙasashen waje, suna aiko wa gida kuɗi fiye da dala biliyan 30 a shekara. Ka ga ke nan ba mutanen da suka raina neman na kai ba ne.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, a wurinsu biki wurin ƙulla zumunci ne. Kafin aure, saurayi kan ɗauki iyayensa da abinci su je gidan yarinya neman izini, abin da suke kira pamamanhikan, kamar dai gaisuwar iyaye a wurinmu. Sa'an nan a zaɓi wasu dattawa maza da mata su tsaya wa ma'auratan, namiji ninong, mace ninang. Ba uban biki ɗaya ake yi ba, ana iya samun da yawa. Daga ranar nan sun zama kamar iyaye: in rigima ta tashi su za su sasanta, in ango yana neman aiki su za su yi masa hanya. Su kuma iyayen ma'auratan da waɗannan dattawa sun zama kumpare da kumare, wato aminan da biki ya haɗa.

Ranar aure ango kan sa riga mai shara-shara da ake kira barong, mafi tsadarta da zaren ganyen abarba ake saƙa ta. Yakan miƙa wa amarya tsabar kuɗi guda 13, alamar zai riƙe gida. Wajen rawa kuma sai baƙi su riƙa maƙala takardun kuɗi a jikin tufafin ango da amarya. Ashe liƙi ba mu kaɗai muka iya shi ba!

Suna da wata kalma, utang na loob, ma'ana bashin alheri. Wanda ya zo naka, wajibi ne ka je nasa. Iyayenmu mata sun fi kowa sanin wannan, tun da su ne masu ƙawayen biki. Suna kuma da bayanihan, inda mutanen ƙauye kan taru su ɗauki ɗakin maƙwabci na gora a kafaɗa su kai masa sabon wuri. Manomin da ya san gayya ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai dai Baba, tsoronka yana da tushe. Su ma can akwai mai cin bashi don kada a ce bikinsa bai yi armashi ba. Akwai wani rance da suke kira 5-6, ka karɓi biyar ka biya shida, wato ruwa kashi 20 cikin 100. Mu ma mun ga wanda ya sayar da hatsinsa da kaka saboda biki, ya koma awo da damina a farashi mai tsada.

Saboda haka shawarata ita ce, yaro ya ba da gudummawa daidai ƙarfinsa, kada ya ci bashi, kada ya taɓa abin da yake aiko wa gida. Baƙo a ƙasar mutane, abokan aikinsa su ne danginsa, ranar da ya kwanta ciwo su za su fara leƙo shi. Zumunta a ƙafa take. In kuwa wata rana aka gayyace shi can ƙasarsu, ya faɗa musu tun da wuri shi Musulmi ne, domin babban naman bikin Kiristocinsu gasasshen alade ne, kuma akan kawo giya.

Da fatan Baba ya gamsu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.