Kafireto Mai Maƙogwaro Huɗu da Ribar Ɗan Kasuwa: Jawabin Kwamitin Sufuri a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

Kwamitin sufuri ya zaɓi ya yi magana a bana kan wani ƙarfe da bai kai girman ƙwaryar fura ba, amma yana cin ribar da yawa daga cikinmu ba tare da mun lura ba. Wannan ƙarfe shi ne kafireto, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira karbiratar. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, lissafin kowane ɗan kasuwa mai mota ya canza. Mu ɗauki misali. Motar da ya kamata ta sha lita 20 a kilomita 100, idan tana shan 25, to a tafiyar kilomita 500 zuwa da dawowa an yi asarar lita 25. A yi sawu huɗu a wata, lita 100 ke nan. Kowa ya buga da farashin garinsu, ko da naira ko da sefa, zai ga buhu nawa na wake ya ƙone a salansa.

Galibin motocinmu masu fetur tsofaffi ne: Fijo 504 da akori-kurarta, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, da tsofaffin Land Cruiser masu silinda shida, sai kuma wasu 'yan ƙalilan manyan motocin Amurka, Chevrolet da GMC da Ford, masu silinda takwas. Waɗannan na ƙarshe su ne suka zo da kafireto mai maƙogwaro huɗu tun daga kamfani. Abin da ya sa muka tayar da maganar shi ne, wasu membobi sun fara tambayarmu ko su ma su ɗora irinsa a kan motocinsu domin su ƙara ƙarfin jan kaya. Amsarmu a taƙaice ita ce: a gyara wanda ake da shi tukuna, idan kuma dole sai an canza, a sayi daidai da injin.

Aikin kafireto shi ne gauraya iska da fetur kafin su shiga inji, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi. Galibi ba famfo ne ke tura man cikin iskar ba. Gudun iskar ne a cikin ƙuntataccen maƙogwaro ke zuƙo shi ta wani ɗan ƙaramin rami da kanikawa ke kira jet, kamar yadda ake hura bututun feshi da baki. Idan iskar na gudu sosai, man yakan fito a tarwatse kamar hazo ya ƙone tas. Idan tana tafiyar hawainiya, sai ya fito ɗigo-ɗigo, wani ya ƙone, wani ya fita a banza.

Mai maƙogwaro huɗu dabara ce ta samun abu biyu a ƙarfe ɗaya. Maƙogwaro biyu na gaba su ne ke aiki kullum, a cikin gari da kan miƙaƙƙiyar hanya. Biyu na baya a rufe suke, ba sa buɗewa sai an taka totur sosai, wurin hawan tudu ko wuce tirela. Irin wanda kamfanin Rochester ya fito da shi a 1965 mai suna Quadrajet, na gabansa ƙanana ne ƙwarai, na bayan kuma manya, shi ya sa idan yana da lafiya ba ya shan mai kamar yadda girmansa ke nunawa. Akwai kuma Holley da Edelbrock, su ne aka fi samu idan za a sayi sabo.

Yanzu ga lissafin da muke so kowa ya tafi gida da shi. Inji yana zuƙar iska rabin girmansa a kowane juyi. Injin Fijo mai lita 2, idan yana juyi 5,000 a minti, ba zai zuƙi fiye da lita 5,000 na iska ba. Land Cruiser mai lita 4 a juyi 4,000, lita 8,000 ne. Chevrolet mai lita 5.7 a juyi 4,500, kusan lita 13,000. To kafireton da aka rubuta wa 600 CFM a jikin kwalinsa, wanda shi ne matsakaici a cikin masu maƙogwaro huɗu, an yi shi ne domin kusan lita 17,000 a minti. Ga Chevrolet ya isa har da rara. Ga Land Cruiser ya ninka bukatarta biyu. Ga Fijo kuwa ya haura ninki uku, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Iskar ba za ta yi gudun da zai zuƙo mai da kyau ba, motar za ta riƙa shaƙewa idan an taka, ta rasa ƙarfin tashi da lodi, wanda shi ne ƙarfin da ɗan kasuwa ke nema a cikin yashi. Ga kuɗin sauya mazaunin da kafireton ke zama a kai, ga wahalar samun kayan gyaransa a kasuwannin kan iyaka. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga masu motocin da suka zo da shi, da ma kowa da kowa, ga tsarin da muke ba da shawara a bi. Kada a fara da kafireto. Sau da yawa laifin na wuta ne, a ɗora masa. A duba fulogi, wato buji, da wayoyinsa, da dilko, a saita taimin, a saita bawul. A duba tiyo-tiyon da ke jikin kafireto da gasket ɗin ƙarƙashinsa, domin tsagewa kaɗan tana shigar da iskar da ba a lissafa da ita ba, bakanike ya yi ta ƙara mai yana neman rufe ta. A duba filtar iska. Mu da muke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, Illela zuwa Ƙonni, Maigatari zuwa Damagaram a cikin ƙurar hunturu, filtarmu kan toshe tun kafin lokacin da littafin mota ya faɗa, kuma toshewarta kaɗai tana ƙara shan mai.

Bayan wannan sai fulot, ɗan abin da ke yawo a kan man cikin kwanon kafireto yana rufe hanya idan ya cika. Idan ya yi sama da yawa mai zai riƙa ambaliya, idan ya yi ƙasa motar za ta ji ƙishi a kan tudu. A yawancin Holley akwai ƙaramin rami a gefen kwanon, man ya tsaya daidai ƙasan ramin. Fulot ɗin tsohon Quadrajet kuma yakan sha mai ya yi nauyi ya nutse, maganinsa canji. Famfon mai ma kada ya fi ƙarfi. Wasu sukan sa na lantarki mai matsi da yawa, ya rinjayi fulot, mai ya yi ta kwarara. Wajen 6 a ma'aunin PSI ya wadatar.

Sai sukurorin sulo guda biyu. A ɗaure su a hankali har su taɓa, ba da ƙarfi ba, a kwance kowanne juyi ɗaya da rabi, a bar inji ya yi zafi, sannan a riƙa juya su kaɗan-kaɗan, daidai da juna, har inji ya kai inda ya fi natsuwa. Kunnen ƙwararren bakanike yana ganewa, amma agogon auna zuƙar iska ya fi shi gaskiya: inda allurarsa ta fi yin sama ta tsaya cak, nan ne wurin.

Game da jet, muna roƙon kanikawanmu su daina soka masa waya ko allura. Ramin an auna shi ne a kamfani, da zarar an buɗa shi ba ya komawa. A wanke, a hura da iskar kwamfuresa. Idan za a canza, a canza lamba ɗaya ko biyu, a fita gwaji da kaya a kan mota, sannan a kwance fulogi a duba. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat kuwa ya fi baƙin haɗari, domin mai ya yi kaɗan, kuma injin da ke jan lodi cikin zafin bazara da ƙarancin mai yakan ƙona bawul ko ya huda fistin. Wanda ya matse jet domin tsimin lita biyu yana iya biyan kuɗin sauke inji a tsakiyar daji, kaya na lalacewa a rana. Masu hawa Jos ko Ngaundare kuma su sani iskar can ba ta da kauri kamar ta Kano, saboda tudu ne da ya haura mita 1,000, don haka motar da take zaune a can takan so jet ƙarami kaɗan.

Akwai direbobin da ke ɗaure maƙogwaro biyu na baya da waya, wai don tsimi. Ba nan man ke tafiya ba, tunda a rufe suke a mafi yawan tafiya. Abin da ya dace shi ne a saita su su buɗe a hankali. Motar kaya tana son irin wanda zuƙar injin ke buɗewa da kanta, da sifirin mai ɗan tauri, ba irin na motocin tsere da ƙafa ke buɗewa kai tsaye ba. Idan direba yana jin motar ta ɗan nutse sannan ta zabura, ba ƙarfi ba ne, alama ce sun buɗe da wuri.

Abu biyu kuma sun shafi rai, ba aljihu kaɗai ba. Na farko, man jarka da muke saya a hanya idan dole ta kama yakan zo da ruwa da yashi. A tace shi da kyalle mai tsabta, a sa filta tsakanin tanki da famfo, a riƙa ɗaukar wata a mota. Na biyu, wuta. Kada a zuba fetur a maƙogwaron kafireto ana tayar da mota, kada a yi tafiya babu murfin filtar iska, domin idan inji ya yi atishawa harshen wuta ta nan yake fitowa. Tiyon mai da ya bushe a canza shi tun bai ɗiga a kan ƙarfe mai zafi ba. Motar da ke ɗauke da atamfa ko jarkokin man gyaɗa, minti kaɗan ya isa jarin shekaru ya zama toka. Kowace mota ta riƙe abin kashe gobara mai aiki a inda hannu ke kaiwa, ba don jami'an hanya kawai ba.

Daga ƙarshe, muna gabatar wa shugabanni da buƙatu uku. Ƙungiya ta sayi agogon auna zuƙar iska da fitilar saita taimin, a ajiye su a kowane reshe, kanikawan da ke mana aiki su riƙa ara. A haɗa kuɗi a sayo kayan gyaran kafireto, gasket da fulot da jet, a sari daga hannun wanda aka amince da shi, saboda jabu ya yi yawa. Sannan kowane mai mota ya ba direbansa ɗan littafi, a riƙa rubuta litar da aka sha da nisan da aka yi a kowane sawu. Wata guda ya isa mutum ya san ko motarsa na bukatar bakanike, kuma zargin da ke shiga tsakanin maigida da direba a kan kuɗin mai zai ragu.