Jiki Magayi: Jawabi Ga Masu Komawa Gudu Bayan Hutu

 

An ce in yi magana a kan wanda ya ajiye gudu na wani lokaci, ko don azumi, ko don zazzaɓi, ko don tafiya gida Arewa, yanzu kuma yana son ya koma. To, abin da zan faɗa guda ɗaya ne: jikin da ka ajiye ba shi za ka tarar ba.

Ga abin da yake faruwa. Idan mutum ya daina gudu, cikin mako biyu zuwa huɗu ruwan jininsa yakan ragu. Zuciya sai ta riƙa tura jini kaɗan a kowane bugu, don haka dole ta ƙara sauri. Shi ya sa tazarar da ka saba yi kana hira, yanzu sai ka ji kana haki. In ka koma, numfashi yakan dawo da wuri, amma jijiyoyin gwiwa da na agara sukan daɗe ba su kama ba. Nan ne ake samun rauni: ƙirji yana cewa a ƙara, ƙafa kuwa ba ta shirya ba.

Saboda haka a fara da kamar rabin abin da aka saba, ana haɗa gudu da tafiya, ana kuma barin kwana guda tsakani. Ƙa'idar da masu horarwa suka saba ba da ita, kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100. In ba za ka iya yi wa abokin gudunka magana ba sai da yankewar numfashi, to ka yi sauri da yawa. Da safe kuma kafin ka tashi daga shimfiɗa, ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya. Na baligi yakan kama daga 60 zuwa 100, na wanda ya saba gudu yakan yi ƙasa da haka. Ranar da ka ga ya haura abin da ka saba gani, ka huta.

Kada mu manta nan Ikko ce. Iskar nan cike take da laima, gumi ba ya bushewa a jiki kamar yadda yake yi a Kano ko Sakkwato, don haka jiki ba ya saurin hucewa. A sha ruwa, a duba fitsari. In ya yi duhu, ruwa ya yi ƙaranci. Wanda kuwa ya ji ciwon ƙirji ko jiri, ya tsaya nan take, ya nemi likita. Mai hawan jini da wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro su fara zuwa asibiti tukuna.

Na san wasunku sun sa ido a kan gudun fanfalaki na Legas, mai kilomita 42, wanda aka fara a 2016. Madalla. Za ku ji ana ba da labarin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi, aka yi masa fiɗa a ciki a 1964, ƙasa da mako shida kafin gasar Tokiyo, ya je ya sake ci. Gaskiya ne. Amma shi shekaru ya yi yana tara ƙarfin da ya ɗauke shi. Kuma ku ji ƙarshen labarin: a 1969 ya yi hatsarin mota, bai sake takawa da ƙafarsa ba, har ya rasu a 1973 yana da shekara 41.

Kun ga ke nan ƙafafun nan aro aka ba mu. Duk wanda ya wayi gari ya ɗaura takalmi ya fita da ƙafarsa, ko kilomita ɗaya ya yi, ya ce Alhamdu lillahi. Godiyar kuwa ba a baki kaɗai take ba. In jiki ya yi magana, a saurare shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.