Ayabar Kwalba da Fadamun Gaya da Ajingi



Duk wanda ya leƙa kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa ya ga manyan motoci suna sauke ayaba, ya san yawancinta daga kudu take, kuɗinta kuma can za su koma. Alhali kuwa kogin Haɗejiya, bayan ya wuce Wudil, ta gefen ƙasar Gaya da Ajingi yake bi, kuma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwansa ya daina ƙafewa da rani kamar da. To, me ya hana fadamunmu ciyar da Kano da ayaba? Dalilan suna da yawa, amma mu a yau iri za mu duba.

Ayabar da muke ci ba ta da ƙwayar shukawa. Manomi yakan cire 'ya'yan da suka tsiro a gindin uwa ya dasa, uwar kuwa 'yan kaɗan take bayarwa a shekara. Mafi muni, duk abin da ke damun uwar, ko tsutsar saiwa ko ƙwaron da ke huda gindi, ɗan yakan tafi da shi sabuwar gona.

Masana a Taiwan suka nuna wata hanya a 1972. Akan ɓare ɗan ayaba har a kai ga ƙwayar idonsa, a wanke ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa a kwalba bisa wani abinci mai kama da kamu, wanda Murashige da Skoog suka haɗa a 1962, watau gishirin taki da sukari da sinadarin sa toho. Bayan kamar mako huɗu ido ɗaya ya zama da yawa. A rarraba, a sake sa wa kowane sabuwar kwalba. Ta haka ido guda yake haifar da ɗaruruwa cikin shekara, tsararrakin juna, masu nuna kusan lokaci ɗaya. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai son cika mota a yini guda.

Kada a ce sai ƙasar kurmi. Jalgaon ta Indiya zafinta yakan haura digiri 40, daminarta gajeriya ce kamar tamu, amma da irin kwalba da ban-ruwa na ɗigo ta zama cibiyar ayabar ƙasar da ta fi kowace noman ayaba a duniya.

Sai dai mu yi hattara, domin zaƙin labari yakan ɓoye ɗacinsa. Kwalba tsabta take bayarwa, ba rigakafi ba; tsiron da aka kai gurɓatacciyar ƙasa zai kamu. Akwai kuma cututtuka irin mai cukurkuɗe ganyen sama, wadda aka tabbatar da ita a Jihar Ogun a 2012, da ke iya bin ido har cikin kwalba in ba a gwada uwar ba tukuna. Sa'an nan tun da duk jini ɗaya ne, abin da ya kashe ɗaya zai kashe dubu: haka cutar Panama ta share gonakin ayabar Gros Michel a Amurka ta Tsakiya a shekarun 1950.

A ganinmu, inda za a fi yin asara a nan shi ne tsakanin kwalba da gona. Tsiron da ya tashi a sanyi da laima, in aka fito da shi kai tsaye cikin hunturu ko zafin Afrilu, kwana kaɗan zai ƙone. Dole ya yi mako shida zuwa takwas a rumfa mai inuwa, cikin leda, ana shayar da shi. Wannan aiki ba ya bukatar digiri ko lantarki. Ɗakin gwaji na jami'a ne, ga ta Wudil nan maƙwabciya, ga ta Bayero. Rumfa kuwa ta samarin ƙauye ce. Tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka je Dala neman tama, saboda haka sabuwar sana'a ba baƙuwarmu ba ce.

Wanda zai gwada ya fara da gindi hamsin kusa da ruwa, ya yi shinge ta gabas da arewa saboda iska, ya lissafa kuɗin man injin ban-ruwa na wata takwas na rani kafin ya sayi tsiro ko ɗaya.