Abinci Shi Ne Maganin Cutar Waldmann

A cikin bangon ƙaramin hanji akwai waɗansu siraran jijiyoyi waɗanda ba jini suke ɗauka ba, wani farin ruwa ne da likitoci ke kira limfa. Aikinsu shi ne su kwashe maiƙon abinci su kai shi cikin jini. Akwai yaran da akan haifa da waɗannan jijiyoyi a buɗe fiye da kima. Idan maiƙo ya cika su, sai su kumbura su tsage, ruwan limfa ya tsiyaye cikin hanji, ya fita tare da bayan gida. A shekarar 1961 ne Dokta Thomas Waldmann da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana cutar a jikin mutum 18, shi ya sa ake kiranta da sunansa. Galibi akan gane ta kafin yaro ya cika shekara 3.

Hasarar ba ƙarama ba ce, domin ruwan da ke zuba yana tafe da furotin, da ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, da bitamin A, D, E da K. Saboda haka ƙafafun yaro su kumbura, zawo ya dame shi, girmansa ya tsaya. A ƙasashen da tamowa ta yi yawa, abu ne mai sauƙi a ɗauka kwashiyoko ne, a ƙara wa yaro mai a abinci, alhali kuwa man ne ke ƙara masa ciwo.

Tushen magani abu uku ne. Na farko, a rage maiƙo ƙwarai, watau man gyaɗa, man shanu, manja, kitse da soye-soye, domin su ne ke bi ta jijiyoyin limfa. Na biyu, a yawaita furotin marar maiƙo, kamar farin ƙwai, wake, kifi marar mai, naman kaza da aka cire fatarsa, da nonon da aka kwashe mansa sarai. Na uku, a ba yaro wani mai na musamman da ake kira MCT. Shi wannan mai ba ya bi ta limfa, kai tsaye yake shiga jinin da ke zuwa hanta. Daga man kwakwa da man ƙwarar manja ake tace shi, amma ɗanyen man kwakwa na kasuwa ba zai maye gurbinsa ba. Ba ya jure zafin suya, kuma da kaɗan kaɗan ake fara shi don kada ya kawo murɗar ciki.

Duk da haka ba a hana maiƙo ɗungurungum, gama akwai irin wanda jiki ba ya iya ƙerawa da kansa. Likita ne zai auna ɗan abin da ya wajaba, ya ƙara bitamin da kalsiyam, ya riƙa duba jini da nauyi da tsawon yaro.

Babban haɗari yakan zo ne sa'ad da yaro ya samu sauƙi. Iyaye su ga kumburi ya sace, su zaci cuta ta tafi, su mai da shi tukunyar gida. Jijiyoyin kuwa suna nan yadda suke, ba da jimawa ba kumburin zai komo. Yawancin masu cutar suna bin wannan tsari muddin ransu. Don haka wajibi ne a koya wa yaron da kansa dalilin abin da aka hana shi, a sanar da malamansa da masu dafa abincin makarantar kwana, tun kafin ranar da zai zaɓi abincinsa ba uwa a kusa.